Gashin Huia a Hular Dokta Harrison

Ankul Harrison ya ce a New Zealand tsuntsun huia ya sauka a kafaɗarsa, ya ci gyaɗa a tafin hannunsa, sannan wani sarkin Maori, 'yan asalin ƙasar, ya ba shi gashin jelarsa guda ɗaya. Ya faɗi haka ne a taron kwamitin ƙungiyarmu ta masu jin Hausa a Greensboro ta Amurka. Hularsa na kansa, gashin a tsaye a jikinta kamar eriya, baƙi mai farin baki.

A kaina ake taron. Shekara biyu ke nan ina koya wa yara Hausa duk Asabar a wani ɗaki bayan shagon gyaran taya a Wendover. Su goma sha huɗu ne. Da suka zo ko "ina kwana" ba su iya ba, yanzu har zagin juna suke yi da Hausa mai kyau. Sai Ankul Harrison, wanda ya fi son a ce masa Dokta ko da yake ba wanda ya san na mene ne, ya rubuto takarda shafi uku. Wai bai dace a bar yara a hannun wadda ba ta da digiri ba, kuma ya yarda zai sadaukar da kansa ya karɓi ajin.

Gaskiya ne, ba ni da digiri. Kwali nake ɗagawa a sito, in an ba mu hutun rabin awa in buɗe abin da na aro a laburare. Amma ina son ajin nan. Mabuɗin ɗakin na kan tebur gaban shugabanmu Alhaji Maazou, ana jiran a ga wa zai tafi gida da shi.

"Mutanen Maori ba sa ba kowa wannan," in ji Ankul, yana nuna kansa da yatsa. "Sai manya. Sarakuna ke sa shi a gashinsu. A akwatin katako mai sassaƙa suke ajiye shi, kaka ya bar wa jika. Da na gama lacca, sarkin ya tashi ya rungume ni. Irin wannan wayewar yaranmu ke buƙata."

A nan dai bai ƙara gishiri ba, haka Maori suka ɗauki gashin. Na karanta, a wani littafin tsuntsaye da ya yi wata biyu a akwatin ajiyata na wurin aiki. Matsalar ɗaya ce, kuma ban san yadda zan faɗe ta ba. A wurinmu yarinya ba ta ce wa babba ƙarya yake yi. In na kuskura, kafin in kai wurin faking labari ya isa wurin mamata a Jos.

Sai na ɗaga hannu.

"Ankul, wace shekara ka je?"

"2019, 'yata."

"Wanda ya sauka a kafaɗarka, mace ce ko namiji? Na ji an ce bakin macen dogo ne a lanƙwashe, na namijin gajere."

Ya ɗan kalli silin. "Matsakaici ne."

"Kai, Ankul, ka yi sa'a," na ce. "Tun 1907 ba a tabbatar wani ya sake ganinsa ba. An sare dazuzzukan da yake zama, Turawa suka yi ta nemansa don su sa gashin a hula, ya ƙare ƙaf. Su kansu Maori yanzu sai gashin da suka gada."

Ya yi dariya har kafaɗunsa na rawa. "Kun ji ko? Wannan shi ne ilimin laburare. Yemima, ke karantawa kika yi. Ni ƙafata ce ta taka ƙasar."

"Bon," in ji Alhaji Maazou da Faransancinsa, mutumin Yamai ne. "Gaskiya wanda ya je ya fi wanda aka ba labari." Na ga yatsarsa ta fara tura mabuɗin wajen Ankul. Na tuna ƙaramar Zahara, wadda makon jiya ta iya ƙirga har ashirin ba ta tsallake sha bakwai ba.

Ankul ya ga nasara ta zo, sai ya zare gashin daga hula. "Ku taɓa, amma a hankali. Ba kullum ake ganin irinsa a North Carolina ba."

Aka yi ta miƙawa hannu zuwa hannu, kowa na cewa ikon Allah. Har ya kai wurin Mama Celina, ma'ajiyarmu, wadda ke kiwon kaji da talotalo a bayan gidanta a McLeansville. Ba ta ce ikon Allah ba. Ta sa tabarau, ta juya shi, ta duba gindinsa, ta shinshina.

"Harrison."

"Dokta, Mama."

"Harrison, wannan ai na baƙin talotalona ne. Mai bin mutane da gudun nan. Watan Nuwamba ka zo ka ɗauke shi, ka ce in na fige kar in zubar da jelar."

"Mama, kama ce kawai. Kimiyya ta nuna..."

"Farin nan na bakinsa ne dai ban san shi da shi ba." Ta sa farce ta kankara. Farin ya zubo kan tebur ɓurɓushi-ɓurɓushi, irin na fentin bango.

Alhaji Maazou ya yi tari, ya juya yatsarsa, ya turo mabuɗin har gabana ba tare da ya kalli kowa ba. Na ɗauka da hannu biyu, don ladabi.

Mama Celina ta hure ɓurɓushin, ta miƙa wa Ankul gashinsa.

"Naman dai ya yi laushi ko?" ta ce. "Don tsoho ne."