Rabon Maraƙa

Duk wanda ya san rugar marigayi Muhammadu Lawal, can bayan duwatsun Roni, ya san Inno, kuma ya san ba a ja da ita a kan zancen saniya. Garken da mijinta ya bari ya daɗe da watsewa. Gonaki sun cinye burtali, yau a sayar da biyu, gobe ciwo ya ɗauki uku, har ɗansu Daudu ya koma manomin gero da gyaɗa. Abin da ya rage wa tsohuwar karsana ce ƙwaya ɗaya, mai farin goshi. Ita ma, Allah na tuba, in ka hango ta sai ka rantse ba ta cika shekara biyu ba, alhali ta shiga ta biyar, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa neman bijimi ba.

'Yar Wule ake ce mata, kuma ba don kuɗinta Inno ke riƙe da ita ba. A dangin uwar Inno, duk 'yar da aka haifa, ranar suna za a jawo maraƙa daga jinin wata tsohuwar saniya da ake kira Wule, a nuna wa jama'a a ce wannan ta jaririya ce. Haka aka yi wa kakar Inno da uwarta, haka aka yi mata, haka ita ma ta yi wa 'yarta Sadiyya da jikarta Zara. Ta Zara ciwon huhu ya kashe. Jinin Wule kaf ya ƙare a kan wannan 'yar tsigigiyar karsana.

Yadda aka yi ta tsumbure kuwa kowa a rugar ya sani, sai dai ba mai faɗa.

A wata bazara mai tsanani aka dawo da Sadiyya gida jinya, tare da Zara tana budurwa. Ciwon ciki ne ya ƙi jin magani. Tuwo ba ya zama, kunu ba ya zama, sai madara mai ɗumi daga hantsar saniya. Saniyar Sadiyya ce kaɗai ke da nono a lokacin, ta haifi 'yar maraƙa, ga ƙasa ta ƙone babu ko tsinken ciyawa. Abin da take bayarwa bai wuce cikin ƙaramin ƙoƙo ba.

Ka'idar tatsa ko yarinya ta san ta. Kan nono huɗu ne, biyu na ƙwarya, biyu na maraƙi. Inno da bakinta ta koya wa matan ruga wannan, har ta taɓa ƙwace ƙwarya daga hannun surukarta saboda ta zarce. To, ita ce wannan da ta riƙa sakin maraƙar ta kama nono, da ta ga ya sauko sai ta fizge ta, ta ɗaure a ƙafar uwar, ta tatse duka huɗun har ɗigon ƙarshe. Wata huɗu tana haka. Maraƙar ta yi kuka har muryarta ta dishe, Inno ta toshe kunnenta.

Sadiyya ba ta ga ruwan fari ba. Kwana biyu kafin ta cika ta riƙo hannun uwarta.

"Inno, maraƙar nan ta Zara ce. In ta haihu, 'yar ta 'yar Zara ce. Kada igiyar Wule ta yanke a kaina."

"Ba za ta yanke ba," in ji Inno.

Shekara na zagayowa uwar maraƙar ita ma ta mutu.

Tun daga nan Daudu ke fama. "Inno, wannan fa cin banza take yi. Sa'o'inta sun yi haihuwa ɗai-ɗai. A kai ta kasuwar Gwiwa, in cika a sayo miki lafiyayyar karsana."

"Lafiyayyar karsana jikar wa?" Da haka take rufe masa baki.

Da aka sa ranar bikin Zara, sai abin ya fara hana Inno sakat. A wannan kakar ne wani likitan dabbobi, Jalaluddeen, ya zo daga Kazaure yin rigakafi. Saurayi ne mai ladabi, sai da ya durƙusa ya gaishe ta kafin ya taɓa dabbar. Ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya shafa haƙarƙari, sannan ya ɗora tafukansa biyu a kan ƙugunta.

"Inno, wannan ta sha yunwa tana ƙarama."

Maganar ta soke ta har ƙahon zuciya, amma ta dake. "Na kira ka duba ne, ko tone-tone?"

"Ki gafarce ni. Ba laifi nake nema ba. Jikin dabba sai ya ƙoshi kafin ya yi tunanin haihuwa, shi ya sa ba ta neman bijimi. Ki ba ta harawa da dusa da 'ya'yan gawo, kaɗan-kaɗan kullum, da kanwa ta lasa. In Allah ya so za ta nema." Ya sake dafa ƙugun. "Amma ƙashi lokacinsa yake da shi, kuma nata ya wuce. Abin da za ta ci yanzu nama zai zama, nan wurin ba zai ƙara faɗi ba. Don haka abu biyu nake roƙo. Ki nema mata ƙaramin bijimi, irin nata. In ta ɗauka kuma, kada a yi mata kiwon layya. Ɗa zai yi girma a ciki, kitse ya toshe hanya."

Inno ta ce ta ji. Rabin farko kuwa ta ji shi sarai.

Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta zama mai tsintar 'ya'yan gawo. Da hantsi tana gindin itace da ƙwarya, suna rige-rige da awakin mutane. Harawar gyaɗar da Daudu ya ɗora a kan rumfa don shanun huɗa, sai ya ga tana raguwa ta gefe ɗaya kamar ɓera ya samu rumbu. Ya yi magana, ta ce shanunsa maza ne, ba haihuwa za su yi ba. Cikin wata uku gashin 'Yar Wule ya kwanta, haƙarƙari ya ɓuya. Wata safiya, bayan an kai Zara ɗakinta a Gwiwa, karsanar ta tashi da kuka, tana zagaye turke, tana ɗaga wutsiya. Inno ta tsaya tana kallonta, hawaye na bin kumatunta, tana ta hamdala.

A nan ne fa ta yi abin da ta yi. Akwai ƙananan bijimai a rugar maƙwabta, a kyauta ma. Amma duk wanda ta kalla sai ta hango wata 'yar tsigigiyar maraƙa a tsakar taron suna, mata na rufe baki da gefen mayafi, suna tuna dalili. Ita fa so take ta goge wancan ranin. So take a jawo maraƙar da kowa zai ce tubarkalla.

Ta ja karsanar har cikin Roni, gidan Babagana mai kiwon turke, wanda ya sayo wani ƙaton bijimi ta wajen Babura, tozonsa kaɗai abin kallo ne.

Babagana ya dubi karsanar, ya dubi bijiminsa, ya sosa ƙeya. "Inno, anya bai yi mata yawa ba?"

"Kai kitse ka sani, ɗan nan. Ni a cikin shanu aka yanke mini cibiya."

Mutum ya ja da sa'ar uwarsa? Ya buɗe mata ƙofa.

Karsanar ta ɗauka kuwa. Ba a yi wata guda ba sai ga labari daga Gwiwa, Zara ma ta samu. Daudu ya riƙa tsokanar uwarsa, wai a shirya ruwan wankan jego tukunya biyu. Inno ta yi dariyar da rabonta da ita tun kafin ciwon Sadiyya. Ta zauna ta tufka sabuwar igiyar maraƙi da hannunta, ta rataye a bakin ɗaki.

Sai ciyarwa ta zama abin da ta zama. Dusa safe da yamma, gurya, kowar wake, ruwan tsari, ga ɗanyar ciyawa da damina ta sauka. Duk lokacin da karsanar ta ɗaga kai ta yi 'yar ƙara, Inno wancan kukan take ji, na maraƙar da aka ɗaure a ƙafar uwarta, sai ta ƙara mata wani kwano. Daudu ya tuna mata maganar likita.

"Na hana ta sau ɗaya," in ji ta. "Ba zan sake hana ta ba."

'Yar Wule ta yi ɓul-ɓul, gindin wutsiyarta ya cika da kitse, tafiya ma sai a hankali. Masu wucewa suna yabawa, Inno tana jin daɗi.

Zara ta zo goyon ciki, ta sauka lafiya ranar wata Laraba. Mace. Inno ta karɓi jaririyar, ta leƙa ta ƙofa ta kalli turke, ta ce a ranta saura ke.

Ranar Asabar da hantsi, bayan an kwana ana ruwa, karsanar ta fara naƙuda. Inno ta karɓi haihuwar shanu fiye da yadda za ta iya ƙirgawa, saboda haka da kofatai biyu suka leƙo ta ga girmansu, ba sai an faɗa mata ba. Karsanar ta yi nishi, ta kwanta, ta tashi, ta sake kwanciya, kofatan nan ba su ƙara ko ɗan yatsa ba. Daudu ya sa hannu ya ce kai ya cije. Ya kira Jalaluddeen a waya, amma hanya ta jiƙe, babur ɗinsa bai iso ba sai bayan azahar, wandonsa duk taɓo.

Ya yi iyakar yinsa. Ya shafa mai, ya juya, ya ɗaura igiya, shi da Daudu suka ja a hankali suna bin nishinta. Da abin ya fito, ya riga ya mutu. Mace ce, ƙatuwa, kyakkyawa, da farin goshinta sak na Wule. Irin maraƙar da Inno ta yi ta hangowa ce, ba ta rage komai ba.

Jini kuma ya ƙi tsayawa. Jalaluddeen ya sake dubawa, ya wanke hannu, ya zo ya durƙusa a gabanta. Da ya ce mata ai na faɗa miki, da ta samu wanda za ta yi wa faɗa. Bai ce ba.

"Inno, ta yage a ciki. Ba za ta kai la'asar ba. In ba a sa wuƙa ba, mushe za ta zama."

Daudu ya tsaya da wuƙa a hannu yana jiran izininta. Inno ta matsa ta zauna a cikin taɓon, ta ɗora kan karsanar a cinyarta. A nan idonta ya kai kan hantsa. Ta cika tam, duka huɗun, dakashi na ɗiga da kansa yana bin ƙasa, ga shi nan a yalwace, babu mai sha. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta shafa farin goshin, ta ce wa dabbar ta yafe mata, ta tashi ta juya baya.

"Yi bisimilla, Daudu."

Ranar suna aka raɗa wa jaririya Sadiyya, za a riƙa kiranta Uwa. An yi addu'a, an raba goro. Sai aka zo daidai wurin da dattijon ruga kan ɗaga murya ya ce ina maraƙar jaririya. Baffa Muhammad Sani, ƙanin marigayi mijinta, ya gyara murya, ya dubi ƙasa, ya ce a shafa fatiha. Ba wanda ya tambaya. Don tausayi suka yi, Inno ta sani, kuma da sun zage ta da ya fi mata sauƙi.

Da mutane suka ragu ta shiga ɗakin mai jego, sabuwar igiyar na hannunta, ta zauna a bakin gado.

"Na yanke ta, Zara. Uwarki ta ce kada ta yanke, ni na yanke ta."

Zara ta gyara wa jaririya kwanciya. "Inno, ina nan fa a wancan ranin. Ni nake riƙe mata ƙoƙon tana sha. Da za a mayar da ke can, wa za ki ba nonon?"

"Uwarki."

"To, kin gani. Wata huɗu kika ƙara mini da ita. Ba saniyar da ta kai wannan."

Inno ta gyaɗa kai. Yarinyar gaskiya ta faɗa, kuma har ga Allah ta faɗa. Sai dai ba nan ciwon yake ba.

"Wancan don uwarki na yi, ko a gaban Allah zan faɗa," in ji ta. "Na biyun fa, na ƙaton bijimi da yawan dusa, don wa na yi?"

Inno ta naɗe igiyar, ta tura ta ƙarƙashin katifar jaririyar, sannan ta miƙa hannu a ba ta Uwa ta riƙe.