Selet a Tsakiyar Kori

A shekarun da Arlit ke cika tana batsewa, bayan an gama shimfiɗa kwalta daga Tawa har bakin ma'adinai, Kalilu yana jan wata doguwar tirela ta wani ɗan kasuwar Agadas. Mutumin Tawa ne. Abokin tuƙinsa kuwa Hamadi ne, dattijo daga duwatsun Ayar, wanda fari ya kashe wa raƙuma, ya koyi riƙon sitiyari da furfura a gemu.

Wata rana cikin damina aka loda musu gangunan garin uraniyom mai launin ruwan ƙwai, za su kai garin Paraku can kudu. Da suka hau sikeli aka ce nauyi ya yi wa tayoyin gaba yawa, sai sun gyara selet. Selet shi ne farantin ƙarfen da ke bayan kan mota, inda tirela ke ɗora wuyanta. Nasu irin mai zamewa ne, yana zaune kan dogo biyu masu haƙora. In an zare ƙusoshinsa sai a matsar da shi gaba ko baya, a mayar da su. Kalilu ya danne birkin tirela, ya zare, ya ja kan mota gaba kaɗan, ya saki hannun da ke zare ƙusoshin. Ya ji ƙarfe ya yi ƙara, ya ɗauka sun shiga. Ayarin sauran motoci da jandarmomin rakiya sun riga sun tashi, hankalinsa na wurinsu, bai sunkuya ya duba ba.

Sun yi nisa lafiya. Bayan azahar, gab da mararrabar Cirozerin, hanya ta gangara cikin wani faffaɗan kori, wato kwarin da ruwan duwatsu ke bi, busasshe ƙayau, an zuba kankare a gindinsa. Kalilu ya taka birki da ɗan ƙarfi. Sai wani abu ya bugo su ta baya kamar an harba igwa. Gilashin bayan kai ya tarwatse musu a wuya, iska ta kama huci, tayoyin tirela suka ƙame suna kuka, motar ta ja ta tsaya a tsakiyar kankaren.

Suka sauko. Selet ya zame har ƙarshen dogonsa na gaba, goshin tirela ya manne da bayan kai, ya murƙushe jan tiyon iskar birki. Kalilu ya leƙa haƙoran dogon. Tsohon giris ya cakuɗe da yashi ya daskare a ciki kamar yumɓu. Tun Arlit da bakinsu kawai ƙusoshin suka kama.

Hamadi bai kalli motar ba. Gabas yake duba, inda sama ta yi baƙi ƙirin a kan duwatsu, alhali nan inda suke rana ce tarwai.

"Kalilu, mota ya tsaya mugun wuri," ya ce da irin Hausarsa. "Ruwa ya sauka a dutse. Nan zai biyo."

"Yaushe, Baba Hamadi?"

"Shi ba ya aiko da manzo."

Kalilu ya dubi gangunan, ya dubi inda korin ya nufa. Can ƙasa ana hango dabino da koren lambuna, kuma ya san mutanen wurin a yashin korin nan suke haƙa rijiyoyinsu. In gangunan nan suka fashe a ruwa, can gubarsu za ta sauka.

"In muka ɗaure tiyo muka ja hakanan fa?" in ji Hamadi.

"Selet ɗin zai gudu baya ya daki matarinsa. Tsohuwar walda ce. In ta ɓalle a hawa, tirela ta faɗi da kayan duka. Dole ƙusoshin su shiga."

Hamadi ya hau ya ja kan mota gaba har wuri ya buɗu. Kalilu ya ɗauki sukudireba da guduma da gwangwanin man gazuwal, ya kutsa tsakanin tayoyin baya da cikin tirela, wurin da ya sha hana mutane tsayawa. Ya riƙa zuba mai yana ƙwaƙule haƙoran. Sukudireban ya suɓuce ya faɗa ƙarƙashi, sai da ya rarrafa ya ɗauko.

Da ya gama, ƙusoshin ba su yi daidai da ramukansu ba, saura kamar faɗin yatsa. Sai an motsa motar, shi kuma yana ciki yana gani.

"Baba, baya kaɗan. Kaɗan fa. In ƙafarka ta zame, ka matse ni."

Injin ya yi gurnani, tayar da ke jikin cinyarsa ta juya, goshin tirela ya matso. Kalilu ya ji ɗumin ƙarfen a kafaɗarsa, yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa ba tare da ya kai ƙarshen ko ɗaya ba.

"Tsaya," in ji Kalilu.

Ƙusar hagu ta faɗa da kanta. Ta dama ta cije.

Nan ya fara jin ƙarar. Da fari ya ɗauka wata motar ce ke tafe, amma daga gabas take, inda babu hanya. Ya kalli ƙasa, ga wani siririn ruwa ja ya zagaye takalminsa, ɗauke da kumfa da kashin awaki. Ya ɗaga guduma ya daka. Bugu ɗaya ya kauce ya sami babban yatsansa, bai ma ji ba. Ya ci gaba da duka har ƙusar ta nutse.

Kafin ya fito, Hamadi ya sauko ya yanke inda tiyon ya murƙushe, ya haɗa bakunan biyu da guntun bututu, yana naɗe su da waya. Ruwa ya kai musu ƙwauri, da sanyi, yana tura su gefe. Suka hau. Kalilu ya sa giya ya ja sau ɗaya tun tirela na danne, don ya ji ko selet zai gudu. Bai motsa ba. Sai suka zuba wa allurar awon iskar birki ido, tana hawa kamar ba ta so.

"Kar ka duba hagu," in ji Hamadi.

Ya duba. Wani bango ne na ruwa da laka ya karyo kwanar korin, da itatuwa a kansa suna juyawa.

Birkin ya saki. Kalilu ya taka totur a hankali, don ya san in ya fizga tayoyi za su yi ta juyi a laka. Kan mota ya kama hawa. Ya ji an daki gindin tirela, ta goce gefe, gangunan suka yi ƙara cikin sarƙoƙinsu, sannan tayoyin baya suka kama kwalta.

Sai da suka kai tudu ya tsaya. Ya buɗe ƙofa ya zauna a kan matakala. A bayansu babu alamar kankare, sai jan ruwa daga gaɓa zuwa gaɓa. Hamadi ya zagaya ya taɓa sarƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, ya dawo ya yagi bakin rawaninsa ya ɗaure masa yatsan, wanda farcensa ya rabe biyu.

Can sai ga motar jandarmomi ta dawo nemansu. Babbansu ya tambayi abin da ya tsayar da su. Hamadi ne ya yi bayani, shi ne kuma ya tuƙa har Agadas.

Washegari da safe, kafin ayari ya tashi, Kalilu ya wanke dogon nan kaf da gazuwal da hannu ɗaya, ya goge shi ya bushe, ya shafa giris a saman faranti kaɗai, don kar yashi ya sake daskarewa a haƙoran. Sai da suka wuce Abalak ya yarda ya karɓi sitiyari.