Wasiƙar Hedimasta da Hannun Hagu

"Wallahi ba za ni ba, Baba," in ji Auta. Ta cusa hannun hagunta a hammata, ta shige ƙarƙashin bencin aikin ubanta da kayan makarantar a jikinta.

Kafinta ya ajiye zarto ya jawo hannun. Bayan yatsun duk ya kumbura, ga shaidar rula nan a kwance. Kwana uku ke nan yarinyar tana ƙin makaranta, tun da sabon malamin aji uku ya rantse ko ta koma rubutu da dama ko ta bar masa aji. Shi kuwa Kafinta, wanda duk layin ke kira Bahago, ya san wannan kumburin sarai. Irinsa ne ya kore shi daga makaranta yana aji huɗu, har yau wasiƙa sai an karanta masa.

"Ka daina biye mata," in ji matarsa daga bakin ƙofa. "Dukan nan gyara ne. Mace da hagu, wa zai ci abin da ta miƙa masa?"

"Shekara goma sha biyar da hagun nake ciyar da ke, ban ga kin rame ba."

Bakinta a buɗe yake za ta rama, sai ga muryar Inna, matar tsohon Hedimasta, ta saman katanga. Wai a taimaka a kafa wa gadon maigidan katako a gefe, ya sake zamowa ƙasa. Wata biyu ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. To, wannan Hedimasta ɗin shi ne mai rular da ta kori Kafinta. Shekara ashirin suna maƙwabtaka, amma in Kafinta zai gifta ƙofar gidan, sai ka ga hagun ta lallaɓa aljihu da kanta.

Ya ɗauki guduma ya tafi. Auta ta bi shi, don ta san in ta tsaya uwarta za ta ja ta makaranta da kunne.

Ɗakin yana warin man shafawa da tsofaffin takardu. Tsohon yana jingine da filo biyu, ya rage kamar an matse shi, gaban rigarsa duk abinci, cokali na rawa a hagunsa. Ya daɗe yana kallon Kafinta na buga ƙusa.

"Bahago," ya ce, bakin a karkace. "Har yanzu da ita kake aiki?"

"Da ita, Malam."

"Duk dukan nan?"

"Ya tafi a banza, Malam."

Tsohon ya yi wata dariya da ta ƙare da tari. Daga nan idonsa ya sauka kan yatsun Auta.

"Wa ya yi mata?"

"Malamin aji uku."

"Dogon nan mai tabarau?" Tsohon ya girgiza kai. "Ɗalibina ne. A wurina ya gani."

Ya ce Inna ta kawo takarda da biro. Ya kama biron da hagu, ya suɓuce. Ya sake kamawa, ya huda takardar. Gumi ya keto masa.

"Ke, 'yar Bahago, ya ake riƙe abin nan?"

Auta ta dubi ubanta, sannan ta matso. Ta karkata masa takardar, ta gyara masa yatsu ɗaya bayan ɗaya. "Ba haka ba, Kaka. Ka sassauta, ba guduma ba ce."

"Ikon Allah," in ji Inna, ta riƙe haɓa. "Yau ga Hedimasta a aji ɗaya."

Tun hantsi ake abu guda har rana ta take, layi huɗu kacal, kamar tururuwa ta faɗa tawada ta fito. Auta ce ta karanta wa ubanta: "Ka bar yarinyar nan da hannunta. Wata biyu ina koyon abin da nake tilasta wa yara a sati guda, na kasa. Da hagu na rubuta maka wannan. Malaminka."

"Kai kuma, Bahago…" Maganar ta maƙale wa tsohon. Sai kawai ya miƙo hannun da ya rage masa. Kafinta ya goge nasa hagun a wando, ya kama.

"Ya wuce, Malam. Allah ya yafe mana gaba ɗaya."

Da kansa ya kai takardar makaranta. Malamin ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu ya koma aji. Kafinta ya dawo gida zuciyarsa a cunkushe, ƙusa ma sai lanƙwashewa take yi.

Ranar Alhamis da safe, Inna ta shiga da ruwan ɗumi ta tarar Hedimasta ya cika, salin alin, hagun a kan katakon da aka kafa masa.

Wurin zaman makoki sai ga Dogo mai tabarau, kan takardar ya leƙo daga aljihun gaban rigarsa. Masu leƙe ta labule sun ce ya yi hawaye, wasu sun ce tabarau ɗin kawai ya goge. Bayan addu'a ya durƙusa kusa da Kafinta.

"Ta zo ranar Litinin," ya ce a hankali. "Zan sa ta a ƙarshen benci ta hagu, kada gwiwar hannunta ta riƙa karo da ta 'yar'uwarta."

Kafinta ya sauke wani numfashi da ya yi shekara talatin a ƙirjinsa. Matarsa kuwa, mai cewa duka gyara ne, kafin la'asar ta zaga gida shida tana faɗin ita dama ta ce a bar yarinya.

Ran Litinin Auta ta dawo tana tsalle, ta jefar da jaka kan benci. Ubanta ya kamo hannun ya juya shi. Kumburin ya saɓe. Gefen tafin, daga ƙaramin yatsa har wuyan hannu, ya yi baƙi ƙirin da fensir.