Mai Kama Maciji a Lamba Sha Huɗu

Clarrie ya riga ya damƙe wutsiyar macijin lokacin da aka daka masa tsawa daga baya.

"'Yan sanda ne! Saki abin da ke hannunka!"

Bai waiwaya ba. Shekara ashirin da shida yana kama macizai a garin nan, kuma abu na farko da kawunsa ya koya masa a bakin kogi shi ne ba a ɗauke ido daga kan maciji, ko da uwarka ce ke kira. Wannan kuwa irin ruwan-ƙasan nan ne, siriri, tsawonsa ya kusa kai na mutum, wanda idan ya sari babba sai likitoci sun yi da gaske, yaro kuwa ba a magana. Ya ɗaga shi nesa da jikinsa, kan yana lilo yana neman gwiwarsa, jakar kamu tana hannunsa na hagu da bakinta a buɗe.

"Ofisa, maciji ne a hannuna," ya faɗa a hankali. "Daƙiƙa biyar kawai, in jefa shi jaka."

"Na ce ka sake! Ka juyo, hannu sama!"

Ba sa ganin macijin. Clarrie yana lungu tsakanin ɗakin wasan yara da shinge, ya ba su baya, kuma shi ba ƙaramin mutum ba ne. Abin da suke gani shi ne abin da aka faɗa musu a waya: wani ɗan Koori, mu 'yan asalin ƙasar nan ke nan tun kafin Bature ya san akwai Ostareliya, a bayan gidan da ba nasa ba, a unguwar da ba ta irinsa ba.

Matar gidan, mai lamba sha huɗu a layin Banksia, ita ce ta kira shi da safe. Tamsin, ma'aikaciyar jinya, ta ga abin ya shige ƙarƙashin ɗakin wasan 'yarta Poppy mai shekara biyu, ga shi lokacin aiki ya yi. Ta ce ƙofar gefe ta cije tun bara, ya haura kawai. Ya haura, ya tsuguna minti arba'in cikin ranar Nuwamba, wadda a nan lokacin zafi ne, har macijin ya gaji ya fito.

Wani ɗan jan haske ya bayyana a bangon ɗakin wasan, ya zame, ya ɓace. Clarrie ya san inda ya koma: tsakiyar bayansa. Bindigar lantarki ce. Idan suka sakar masa, a kan macijin zai faɗi. Ya tuna ɗan ƙanwarsa, Tyrell, wanda shi ma ya taɓa ce wa 'yan sanda su tsaya ya yi bayani, yau shekara shida ke nan bai iya ɗaga hannunsa na dama sama da kafaɗa. Tsoro ya kama Clarrie, tsoro na gaske, irin wanda maciji bai taɓa sa shi ba.

Ya buɗe yatsunsa.

Macijin ya faɗi kan ciyawa, ya miƙe kamar an zuba ruwa a gangare, ya ratsa ta gaban takalman 'yan sandan. Macen cikinsu ta kurma ihu, sai ga ta a kan teburin lambu, ita kanta ba ta san yadda ta hau ba. Babban, mai igiya uku, ya ja da baya har ya zauna cikin tukunyar fure. Kafin su dawo hayyacinsu wutsiyar ta shige ƙarƙashin shinge, ta faɗa gida mai lamba sha shida.

Mai hankali zai ce magana ta ƙare a nan. Ina! Sajan ya tashi ya kakkaɓe wandonsa, ya kwantar da Clarrie rub-da-ciki a kan ciyawa, ya saka masa ankwa. Mutum idan ya ji kunya a gaban abokiyar aikinsa, dole ya nemi wanda zai huce a kansa.

"Sunanka?"

"Clarence, Clarrie ake ce mini. Lasisina yana aljihun gaba. Motata tana bakin titi, an rubuta mai kama maciji a jikinta, har da hoto don waɗanda ba su iya karatu ba."

"Kada ka kawo mini iya shege. Wa ya ba ka izinin shiga gidan nan?"

"Mai gidan. Lambarta ce ta ƙarshe a wayata. Ofisa, don Allah ku yi sauri, yana ƙara nisa."

"Babu inda za ka je."

"Ba ni ba. Macijin."

Macen ce ta sauko daga tebur ta kira lambar, ta buɗe murya kowa ya ji. Tamsin ta saurara, sannan ta fashe.

"Kun yi me? Kun ɗaure Kawu Clarrie? Ni na kira shi! Shi ya fitar mana da maciji daga ɗakin wanki na asibiti sau biyu! To ina macijin?"

Sajan ya ciro makullin ankwar.

"Ƙarfe huɗu nake ɗauko yarinyata daga gidan reno. Ina tambaya, ina macijin?"

Aka kwance ankwar. Sajan ya juya lasisin gaba da baya kamar yana fata ya ga kuskure, ya miƙa masa. Ya ce an kira su ne, an ce wani baƙin mutum ya haura gida da buhu da ƙarfe, Clarrie dai ya gane, aikinsu suke yi.

"Ni ma nawa nake yi," in ji Clarrie. Ya tofar da ciyawar da ta shiga bakinsa, ya ɗauki ƙugiyarsa ta ƙarfe.

Ba sai an faɗa masa wanda ya kira ba. A benen lamba sha shida labule yana motsi tun zuwansa. Irin sababbin unguwannin nan ne na bayan gari, inda mutum zai kawo maka lambar motar maƙwabcinsa da ka, amma bai san sunansa ba. Da motar 'yan sanda ta tafi, wata tsohuwa ta fito ta tsaya a bakin shinge, rungume da ɗan ƙaramin kare. Madam Whitlock ce, mijinta ya rasu, bara kuma aka fasa mata taga aka kwashe zobbanta.

"Da gaske gidana ya shiga?"

"Da gaske."

"Wayyo ni. To... za ka iya dubawa?"

Clarrie ya dube ta. Ya so ya ce ta kira waɗanda ta kira ɗazu su zo su ɗaure shi. Maganar ta zo har bakinsa, amma tsohuwar ta kai sa'ar babarsa, ga kuma ramin yashin da Poppy ke wasa a ciki taku uku daga shingen.

"Ki zo ki buɗe mini ƙofa da hannunki, Madam. Na gama haurawa yau."

Awa ɗaya da rabi ya yi a bayan gidanta. Ya ɗaga tukwanen fure ɗaya bayan ɗaya, ya janye itacen hura wuta, ya kwanta ya leƙa ƙarƙashin tankin ruwa. A ƙarshe ya ga sawun a kan ƙura, ya bi shi har gindin katangar duwatsun da aka jera don tare ƙasa. Katangar ta bi bayan gidaje goma sha biyu, cike da ramuka, sanyi ƙalau a ciki. Macijin da aka riƙe wa wutsiya sau ɗaya ba zai sake leƙowa ranar ba.

Madam Whitlock ta kawo masa ruwan sanyi a kofin gilashi. Ta tsaya tana murza kunnen karenta.

"Ka yi haƙuri. Ni dai na ga mutum ya haura, kuma ba ka yi kama da..."

"Da wa?"

Fuskarta ta yi ja. "Da ka sa riga mai rubutu, ko hula, wani abu dai."

"Minti arba'in kina kallona, Madam. Ɓarawon da zai tsuguna minti arba'in a rana yana kallon ɗakin wasan yara, ai abin a tausaya masa ne."

Ta kusa yin dariya, sai kuma hawaye suka cika mata ido. Clarrie bai ji daɗin hakan ba. Ya shanye ruwan, ya ce kada ta bar kare ya fita, shi zai dawo gobe da safe, lokacin da rana za ta fara dukan duwatsun, don a lokacin ne macijin zai fito shan ɗumi. Wataƙila ya yi ta bin bayan gidajen nan kwana biyu ko uku.

"Akwai wani abu," in ji ta, tana kallon ƙasa. "Na ɗauki hotonka ta taga. Na tura wa zauren 'yan unguwa a waya, na ce kowa ya sa ido."

"Mutum nawa ne a ciki?"

"Gida sittin da wani abu. Na goge yanzu, na rantse. Amma an riga an tura shi gaba."

Clarrie ya ɗaga kai ya kalli layin tagogin da ke kallon katangar. Ya miƙa mata kofin, ya yi godiya.

A cikin mota ya kira Tamsin, ya gaya mata gaskiya: bai same shi ba, kada Poppy ta taka ciyawa ko da minti ɗaya, ta toshe ƙasan ƙofar baya da tawul. Tamsin ta ce za ta rubuta ƙorafi, wallahi sai ta ga abin da ya ture wa buzu naɗi. Sannan muryarta ta sauka.

"Kawu, idan ba za ka dawo ba, ba zan ga laifinka ba. Sai dai ban san wa zan kira ba."

"Babu wani. Ni kaɗai ne daga nan har kilomita ɗari. Ki ajiye mini shayi."

Ya zauna yana shafa wuyan hannunsa inda ƙarfen ya ci. Garin nan a gefen kogin kakanninsa aka gina shi, kuma babu lungun da bai shiga ba don ya fitar wa mutane da abin da ke hana su barci. Baƙin ciki ya kama shi. Ya bari ya ɗan lafa, sannan ya nemo lambar ofishin 'yan sanda, ba ta gaggawa ba, ta teburin karɓar baƙi.

Wata mata ta ɗauka, ta ce me yake so ya kawo rahoto a kai.

"Gobe da ƙarfe bakwai da rabi na safe," in ji Clarrie, "za a kira ku daga layin Banksia, a ce an ga wani baƙin mutum da buhu da ƙarfe a bayan gidajen mutane."

"Ka san mutumin ne, yallaɓai?"

"Na san shi. Ki ɗauki biro, in ba ki sunana."