Hular Ɓera

Aikina shi ne wanke kejin ɓeraye da zuba musu ruwa. Kowane ɓera da ɗan ƙarfe a kansa kamar hula, waya ta fito daga ciki ta bi bango. Da rana suke barci, don haka a bakin ƙofa nake cire takalmi in shiga da sanɗa.

Dakta, matar da ke bincike a kansu, tana da ɗan akwati mai fitar da sauti. In ta kunna shi ana jin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓera suna aiki. Wata safiya ta gan ni tsaye da bokiti.

"Zo ki ji, ƙanwata. Wannan idonsa biyu."

Ƙara ce kamar yayyafi a kan kwano. Can ɓeran ya dunƙule, sai ƙarar ta riƙa zuwa tana ɗaukewa.

"Barci mai nauyi ke nan. Tare ƙwayoyin suke magana, tare suke yin shiru."

Da gashin bakinsa ya soma rawa, yayyafin ya dawo.

"Kin ji? Jiki a mace, ciki kuwa kasuwa ke ci. Ƙila ɗan banzan mafarkin cinye mini takardu yake."

Na yi murmushi, amma hankalina yana asibiti. Tun ran da Inna ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo ba ta farka ba. Kullum in na tashi aiki nakan zauna gefenta in ba ta labari.

"Da bango kike hira," in ji Yayana. "Likita ya ce ba abin da ya rage musu. Gida za mu kai ta."

"In an cire mata robar ƙarin ruwan nan fa? Tana ji, Yaya."

"Ke da ko mai shago ba kya iya ɗaga wa ido, yau ke ce likita? Kawo mini shaida, in bar ta a nan."

Maganar roƙon Dakta ta yi ta zuwa mini baki tana komawa. Sai ran da za a sallami Inna na tsaya bayanta.

"Dakta, don Allah ko za ki ara mini hula ɗaya? Gobe zan dawo da ita."

Ta tuntsire da dariya. "Kiwon ɓera kika fara a gida?"

Da na gaya mata, dariyar ta tsaya. Ta ɗauko ɓera ɗaya ta nuna mini gindin ƙarfen.

"Ba ɗora ta ake yi ba. Huda ƙashin kai muke yi. Asibiti suna da tasu, wadda ake manna wa mutum."

"Sun manna mata. Likita girgiza kai kawai ya yi. Ke ki zo ki saurara mana, ai ke kin san yayyafin."

"Ni ba likitar mutane ba ce, ƙanwata. Ko ɓeran nan, na san ƙwayoyinsa na magana, amma ban san me suke cewa ba."

Na gode mata, na ƙarasa wankin keji.

Da na isa asibiti Yaya ya riga ya ɗaure kaya. Na sunkuya na manna kunnena a gefen kan Inna, na riƙe numfashi. Sai na ji shi, can ƙasa-ƙasa, shuuu.

"Yaya! Zo ka ji! Yayyafin ne, mafarki take yi!"

Bai sunkuya ba. Ya kama tafin hannuna ya rufe mini kunne da shi. Ƙarar nan ce dai, ba ta ragu ba.

"Na kunnenki ne, auta," ya ce a hankali.

Ma'aikaciyar jinya ta shigo ta fara ɓare filastar hannun Inna. Ni kuwa na durƙusa na jawo takalmanta daga ƙarƙashin gado, na rasa inda zan sa su.