Sunan 'Yar Fari

Duk wanda ya ce min rigimar kuɗin shiga gari da mota surutun 'yan boko ne kawai, sai in ce ya zauna in ba shi labarin Malam Inusah.

Maƙwabcinmu ne a unguwar Thamesmead ta London, ƙofa da ƙofa, a ginin nan na siminti da ko rana ba ta son leƙa shi. Mutumin zangon Kumasi ne, direban minicab, wato ƙaramar tasi. Matarsa Fulera, 'yarsu ɗaya tal, Hamdatu, mai shekara tara da ciwon asma. Ni kuwa Murja, Bakanuwa, mai dogon baki, kullum cikin tsokanarsu nake, domin Hausarsu ta Gana ba ta san mace ba. Fulera za ta ce min, "Hamdatu ya ci abinci, ya tafi makaranta." Sai in ce, "Yaya Fulera, wai namiji kika haifa kike ɓoye mana?" Ta yi ta dariya har da hawaye.

Shi kuma Malam Inusah ga wata a kai: kunyar 'yar fari. Ban taɓa jin sunan yarinyar nan a bakinsa ba. "Yaro na" kawai yake cewa, shi ma a ciki-ciki, kansa a ƙasa. Amma wallahi ban ga uban da ya kai shi son 'yarsa ba.

Wata ranar Laraba da la'asar ciwon ya tashi, abin shaƙarta ya ƙi yin aiki. Bai tsaya jiran motar asibiti ba, ya sa ta a tasa motar. Suna hawa babban titi suka tarar da cunkoso, ba gaba ba baya. Ya danna hon, ya roƙi na gabansa, ina! Kowa ya ɗaga gilashi. Daga ƙarshe ya bar motar a tsakiyar titi, ya saɓa ta a kafaɗa yana gudu. A kafaɗar tasa ta cika, kafin ya kai ƙofar asibiti.

Bayan shekara biyu, wajen 1996, aka shiga cece-ku-ce a London kan a riƙa karɓar kuɗi daga duk motar da ta shiga wuraren cunkoso. Wata council, wato ƙaramar hukuma, ta nan kudancin birnin ta ce za ta gwada a kan wannan titin. Kai, ka ga tashin hankali! 'Yan kasuwa da direbobi suka yi ƙungiya, suka ɗauki lauya, suka kai ƙara. Aka ce to, a yi zama a gaban wani tsohon alƙali, kowa ya zo ya faɗi ta bakinsa.

Jagoran direbobin nan Abukari ne, abokin Malam Inusah tun suna yara a Kumasi. Da hannunsa ya saka Hamdatu a kabari. Da ya ji Malam Inusah zai ba da shaida a ɓangaren council, har gida ya zo, ina jin su ta bango.

"Ɗan'uwa, abincinmu za ka cire mana daga baki? Kai ma fa direba ne!"

"Ban damu da kuɗi ba," in ji Malam Inusah. "So nake alƙali ya ji, ya yarda hanya ne ya kashe yaro na. Shi ke nan."

Abin da yake nema ke nan a duniya. Daga ranar, ko a masallacin Regent's Park direbobi suka daina ba shi hannu.

Ranar zaman ni da Fulera muka samu kujera a baya. Zauren ya cika maƙil. Turancin Malam Inusah na tuƙi ne, dama da hagu, don haka aka kawo masa tafinta, wani Mainasara, mutumin Kano mai aikin rediyo. Mutumin kirki ne, ba na ɗora masa laifi. Da safen nan ya fara ganin Malam Inusah, kuma bai taɓa zama da mutanen zango ba.

Malam Inusah ya miƙe cikin farar riga. "Yaro na ya kasa numfashi. Na ɗauke shi. Ya riƙe wuyana, ya ce Baba." Mainasara yana juyawa da Turanci tiryan-tiryan, yadda ya ji: ɗana, shi, shi, shi. Nan na gane Turancin ya mayar da Hamdatu namiji. Na dubi Fulera, ita ba ta lura da komai ba, kuka take.

Har alƙalin ya cire tabarau yana goge ido. A nan na ga Abukari ya sunkuya ya raɗa wa lauyansu magana a kunne.

Lauyan ya tashi a hankali, dogo, mai murya kamar ta mai lallashin jariri.

"Ina yi maka ta'aziyyar ɗanka. Mene ne sunansa?"

Mainasara ya juya tambayar. Malam Inusah ya sunkuyar da kai. Ni na san abin da ke faruwa: mutum ne da ko a ɗakinsa bai taɓa furta sunan nan ba, yanzu an ce ya faɗe shi a gaban jama'a, da surukai a ciki, da Turawa.

"Ba ka tuna ba?" in ji lauya. "To, bari in sauƙaƙa maka. Namiji ne?"

Malam Inusah ya ɗago a ruɗe. "Yaro na ne," ya ce. "Shi kaɗai gare ni."

Mainasara ya faɗa da Turanci: ɗana ne.

Lauyan ya juya ga alƙali. Ya ce shi abin da ya sani, yarinya ce ta rasu a titin nan. Ya ce ga mutum bai san sunan abin da ya haifa ba, bai san mace ce ko namiji ba, to wa ya koya masa wannan labari? Aka fara gunaguni. Wani ma dariya ya yi, Allah ya isa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. "Haba! Haka suke magana! Mace ce, kowa ya sani!" Da Hausa na faɗa, da Turanci na maimaita. Mai gadi ya zo ya ce in zauna ko in fita. Mainasara, da ya gane abin da ya faru, ya ɗaga hannu zai yi bayani, alƙali ya ce aikin tafinta fassara ne, ba ba da shaida ba. Na kalli Abukari, wanda shi ma haka yake magana a gidansa. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. Takalminsa yake kallo.

Alƙali ya mayar da tabarau, ya ce ba zai iya dogara da wannan shaida ba. Ya gode wa Malam Inusah, ya kira na gaba, wani mai shagon kifi.

Aka kama hannun Malam Inusah za a sauko da shi. Sai a lokacin Mainasara ya faɗa masa abin da aka ce. Na ga fuskarsa ta canza. Ya fizge hannunsa, ya juya ga alƙali.

"Hamdatu!" Muryarsa ta tsage. "Sunan shi Hamdatu. Hamdatu!"

Fulera ta ƙwalla ƙara ta zube a jikina. Shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa jin ya faɗa ba.

Alƙali bai ɗago ba. Ya tambayi Mainasara me mutumin yake cewa.

"Suna ne, ranka ya daɗe," in ji Mainasara.

"Mun wuce nan," in ji alƙali, ya ce wa mai kifi ya ci gaba.