Tsirkiyar Soizic

Tun suna 'yan mata Armelle da Soizic suke aiki a tebur ɗaya, a ɗakin jiƙo na masana'antar tsirkiyar da ake ɗaura wa raket, abin buga ƙwallon tanis, da ke bayan garinsu a yankin Bretagne. Aikin ba ya yiwuwa sai da mutum biyu, domin tantanin da ake ɓarewa daga hanjin saniya dogo ne, in aka miƙe shi sai ya kai daga ƙofa har bango. Daga mayanka ake kawo shi cikin ganguna, an tsaga shi sili-sili an cushe da gishiri. Su wanke, su jiƙa, su sake wankewa har ya yi fari fat, sannan su bi kowane sili da yatsa suna laluben huji ko inda ya yi kauri. Masu kyau a haɗa su damƙi guda, a ɗaura bakinsu a ƙugiya, inji ya tufka su.

Ruwan sanyi ya karkace musu yatsu, wari kuwa ya bi su har coci. Armelle ba ta cika magana ba, musamman tun rasuwar mijinta. Soizic ce ke yi musu surutun mutum biyu.

Duk Juma'a da yamma Armelle kan ci abinci a gidan ƙawarta: fanken baƙar alkama da ƙwai da tsiran alade, da giyar tuffa. A nan ake tafka drama da Gwenaël, mijin Soizic, tsohon mai raba wasiƙu da ya yi ritaya ya tare a filin tanis na gari. Kullum yana murza gwiwar hannunsa yana nishi.

"Ka dame mu da kuka kamar tsohon bunsuru," in ji Soizic. "Ka cire tsirkiyar robar nan daga raket ɗinka ka sa ta hanji mana. Ta fi laushi, ba ta dukan ƙashi."

"In sa me? Kuɗin guda ɗaya ai ya saya mini ta roba huɗu. A kan hanjin da mahauta ke zubarwa!"

"Zubarwa? Sai hanjin shanu uku kafin raket ɗinka ɗaya ya cika, mai bakin tsiya. Wata guda ana lallaɓa ta kamar jaririya. Dubi yatsuna!"

"Na gaji da dubansu. Warinsu ma na sha har na ƙoshi."

Sai ta ɗaɗa masa tsumman goge kwano a ƙeya, shi kuma ya kama hannun ya sumbata yana toshe hanci. Armelle ta yi ta dariya a cikin kofinta.

Da kaka ta shigo, Armelle ta lura ƙawarta tana jingina da tebur, abin da ba ta taɓa yi ba. Rigar aikinta ta yi mata yawa, idanunta suka koma ruwan ƙwai. Aka kai ta asibitin birni, aka dawo da labarin ciwon daji a hanta, kuma likitoci ba su ɓoye mata cewa ya yi nisa ba.

Soizic ta nace sai ta zo aiki sau ɗaya kafin ta kwanta. Ranar ba ta yi surutu ba. Ta daɗe tana zaɓen sili, tana ƙyale har waɗanda a da za ta wuce da su. Da ta haɗa damƙin, ta ciro jan zaren ulu daga aljihu ta ɗaura a bakin damƙin.

"Wannan ta Gwenaël ce, ɗan taurin kan nan," ta ce wa Armelle a hankali. "Na yi magana da manaja, ya yarda. In ta fito ki kawo mini, da hannuna zan ba shi. Ina so in ga fuskarsa lokacin da zai ce na fi shi gaskiya. Kada ki faɗa masa, kin ji ko, tsohuwa?"

"Wa kike kira tsohuwa? Kin girme ni."

"Da wata biyu. Riƙe can, kina sake mini."

Suka ɗora, inji ya murɗa, aka wuce da tsirkiyar ɗakin shanya.

Ɗakin shanya a hannun Tanguy yake, wani dogon mutum mai sanƙo da ya tsufa a cikin ɗumin wurin. Tsirkiyoyi a miƙe jere-jere daga bango zuwa bango, iskar ɗakin da laima, ana rage laimar kaɗan-kaɗan, ana ƙara murɗa su suna tsukewa. Kullum in Armelle ta tashi aiki sai ta leƙa ta ga jan zaren, daga nan ta wuce gidan Soizic, wadda aka sauko mata da gado falo don ba ta iya hawa bene.

"Ta bushe?" Soizic kan tambaya da zarar Gwenaël ya shiga kicin.

"Saura kaɗan."

"Jiya ma haka kika ce."

Da Soizic ta daina karɓar ko miya, Armelle ta je ta tare Tanguy a bakin ƙofa.

"Don Allah, Tanguy, ka cire mini guda ɗayan nan ka kai ta wurin zafi. Soizic ba za ta kai ƙarshen wata ba."

Tanguy ya cire hularsa yana juya ta a hannu. "Armelle, kin fi ni sani. In na gaggauta ta, bayanta ne zai bushe, cikinta ɗanye. Bugu uku za ta tsinke."

"To ta tsinke mana! Ita dai ta gan ta."

"Ki kai wa Soizic tsirkiyar da aka yi wa ha'inci? Ko ido rufe ta taɓa ta za ta gane. Za ta zage ni, ta zage ki."

Armelle ta san gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta ƙara jin haushinsa. Ta fita ba ta yi masa sallama ba.

Soizic ta rasu wata safiyar Talata, Gwenaël na riƙe da hannunta, Armelle kuwa tana can hannu cikin ruwan sanyi. Aka binne ta ana yayyafi. Ba a jima ba tsirkiyar ta bushe. Armelle ta bi ta ɗakin guga inda aka goge ta har kaurinta ya daidaita, ta tsaya aka shafa mata abin da ke kare ta daga danshi. Ta fito kalar zuma, in an ɗaga ta haske na ratsa ta. Tanguy da kansa ya naɗe ta ya miƙa wa Armelle, bai iya haɗa ido da ita ba.

Ta tarar da Gwenaël zaune a kicin, bai aske gemu ba. Ta ajiye masa a tebur, ta gaya masa yadda aka yi. Ya daɗe yana kallo. Can ya ɗauka ya kai hanci.

"Ba ta wari," ya ce, kamar an cuce shi. Sai ya kifa kai a tebur.

Duk tsawon hunturu tsirkiyar na cikin aljihun tebur, raket na rataye a bayan ƙofa. Armelle ta ci gaba da zuwa ranar Juma'a, yanzu ita ke soya fanken. A wurin aiki an ba ta wata abokiyar tebur, mace mai kirki mai saurin hannu, amma sau da yawa Armelle kan ɗaga kai za ta yi magana, sai ta tuna ba Soizic ba ce, ta haɗiye.

Da bazara ta zo, haƙurinta ya ƙare.

"Gwenaël, ba don ado ta yi maka ita ba. Tana tsaye da ƙyar ta zaɓe ta."

"In na buga da ita za ta ƙare."

"Za ta ƙare mana. Haka kowacce take. Amma in ka bar ta a nan, ka hana ta abin da ta roƙa."

Ya kai ta aka ɗaura masa a raket. Ranar Lahadi Armelle ta bi shi fili ta zauna a benci da jakarta a cinya. Duk shekarun da ta yi tana wannan aiki ba ta taɓa jin ƙarar abin da take yi ba. Ƙwallo ta sauka a raket da wani amo mai taushi, mai zurfi, ba irin ƙwas-ƙwas ɗin robar abokin wasansa ba. Gwenaël ya buga, ya sake bugawa, sannan ya tsaya tsakiyar wasa yana lanƙwasa hannu yana miƙewa. Ya taho bakin raga.

"Ba ya ciwo," ya ce mata. "Ashe ta fi ni gaskiya, ja'irar."

Ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa, abokin wasan ya juya baya yana gyara igiyar takalmi.

Ya yi wasa da ita duk damina. In hadari ya taso sai ya cusa raket cikin rigarsa ya ruga gida, 'yan fili na yi masa tsiya cewa ya fi kyanwa tsoron ruwa. Duk da haka tsakiyar ta fara tashin gashi, siraran zare suna warwarewa ɗaya bayan ɗaya.

Wata Lahadi da la'asar ya ƙwanƙwasa ƙofar Armelle, har yanzu da gajeren wandon wasa. Ya miƙa mata raket. Tsirkiya ɗaya ta tsinke a tsakiya, bakunan sun lanƙwashe.

"'Yan fili sun ce in ban yanke sauran ba, katakon zai karkace," ya ce. "Na ɗauki almakashi a gida. Na kasa."

Armelle ta jawo masa kujera ya zauna. Ta ɗauko almakashin kicin, ta ɗora raket a cinya, ta fara daga tsakiya tana yin waje. Kowace tsirkiya ta saki da 'yar ƙara. Gwenaël na kallon taga. Da ta gama, ta zare guntayen ta tara a tafin hannu, ta rasa inda za ta zuba su. Ta miƙa masa, ya karɓa ya sa a aljihu.

"Za ka sha kofi?" ta tambaye shi.

Ya gyaɗa kai. Ta tashi ta ɗora ruwa a wuta.